DAGA LIBREVILLE ZUWA BITAM A KAN KEKE: A INA MUKA RIƘA KWANA?

Tun da muka dawo daga tafiyar nan tamu ta keke, duk wanda ya tare mu a kasuwar Mont-Bouët ko a ƙofar masallaci, tambayarsa ɗaya ce: "Wai ku a ina kuka riƙa kwana?" Da yake tambayar ta yi yawa, kuma mun sami labarin wasu samari na shirin bin sawunmu, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu rubuta amsar gaba ɗaya, don mai niyya ya ƙaru, kada ya faɗa ramin da muka faɗa.

Mu uku ne, dukkanmu mazauna Libreville. Babbanmu ya haura shekara 50, shi ne madugu. Na tsakiya ya iya Faransanci kamar ya haɗiye ƙamus, ƙaraminmu kuwa gwanin gyaran keke ne. Mun tashi a watan Yuli na shekarar 2022, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, da nufin ziyartar 'yan'uwanmu Hausawan Oyem da Bitam, can arewa wajen iyakar Kamaru, waɗanda kakanninsu suka shigo ƙasar nan da fatauci fiye da shekara 100 da suka wuce. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 600 ta hanyar Ndjolé, mun yi ta cikin kwana 10. Mun zaɓi Yuli ne domin daga Yuni zuwa Satumba ake samun rani a nan. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kai wajen milimita 2,800, ya ninka na Kano sau uku, saboda haka wanda ya ce zai kwana a waje a Oktoba ko Nuwamba, ai da kansa yake faɗa.

Kayanmu ba su da yawa: tanti guda, tamfol, tabarmi, gidan sauro, tocila, risho da kananzir, buta, kayan faci da famfo, sai guzurin garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da shayi. A zatonmu tun da muna da tanti, maganar wurin kwana ta ƙare. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 267,667, mutanenta ba su kai na birnin Kano yawa ba, kashi 88 cikin 100 nata daji ne. Muka ce ai fili sai wanda muka zaɓa. Ashe mun yi lissafin dokin rano.

GWAJI A BAKIN TEKU

Kafin babbar tafiya mun yi gwaji. A cikin Libreville kanta babu inda mutum zai kafa tanti hankalinsa a kwance. Abin mamaki ne ga garin da asalinsa masauki ne, domin a 1849 Faransawa suka zaunar da bayin da aka ƙwato daga wani jirgin ruwa a nan, cikin ƙasar Mpongwe, aka sa wa wurin suna garin 'yantattu. Yau kowane fili da mai shi, kowane gida da katanga, bakin tekun kuma da dare ba wurin baƙo ba ne. Don haka muka hau keke zuwa Cap Estérias, kimanin kilomita 30 arewa da gari, ta cikin dajin Mondah.

Muka sami yashi mai laushi tsakanin wasu manyan gumagumai na katako da teku ta watso, muka fara buga turaku. Wani masunci ɗan ƙabilar Benga ya tsaya yana kallonmu, can ya matso ya nuna mana layin ganye da tarkacen da ruwa ya bari, sama da inda muke da taku goma. Ya ce cikin dare ruwa zai dawo har can. Sa'an nan ya tambaye mu wa ya ba mu izini, don wurin na danginsu ne. Kunya ta kama mu. Shi da kansa ya kai mu bayan gidansa, ƙarƙashin rumfar da yake shanya koma. Da asuba muka leƙa, inda muka so kwana ya zama teku.

Da mun kasance masu saurin ɗaukar darasi, da wannan ya ishe mu. Amma ɗan'adam sai a hankali.

TUTA DA ZAURE

Ranar tafiya mun yi sammako, muka bi babbar hanya mai lamba 1, muna wuce unguwannin da ake kira da nisansu daga tsakiyar gari, PK5, PK8, PK12. Muka wuce Nkok, inda masana'antun katako suka taru bayan da gwamnati ta hana fitar da ɗanyen gungume a 2010. Daga nan muka fara gamuwa da manyan motocin katako masu ɗauke da itacen okoumé, waɗanda ba sa barin wa mai keke komai sai ciyawar gefen titi. Bayan Ntoum gidaje suka fara raguwa, sai muka lura da abin da ba mu taɓa kula da shi a mota ba. Dajin nan ba irin namu na Arewa ba ne, inda mutum zai ratse ya sami gindin tsamiya ko gawo ya shimfiɗa tabarma. Nan daji bango ne. Daga bakin kwalta sai ciyawa mai tsawon mutum, sai sarƙaƙiya, sai rafi ko gangare. Ka yi tafiyar awa biyu ba ka ga fili mai faɗin tabarma uku ba. Duk inda ka ga sarari, to hannun mutum ne ya share shi, kuma yana da mai shi.

Da la'asar ta yi madugu ya ce a tsaya a ƙauye na gaba. Ga abin da muke so mai karatu ya riƙe: a ƙauyukan Gabon gidan mai gari ba ya ɓata, domin akan kafa tutar ƙasa a ƙofarsa, mai kore da rawaya da shuɗi. Muka sauka daga kan kekuna tun daga nesa, muka turo su da hannu, muka yi gaisuwar da kowa ya sani a ƙasar nan, wato "Mbolo". Dattijon ya sa aka kawo benci. Na tsakiyanmu ya ce, "Baba, mu matafiya ne daga Libreville za mu Bitam. Dare ya kusa, muna roƙon inda za mu sa haƙarƙarinmu, da safe mu wuce." Muka miƙa katin zamanmu tun bai tambaya ba. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kekunan, ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, kuɗin mota ne babu, ko alwashi kuka yi?"

Ya nuna mana wata rumfa a bakin hanya, mai rufin kwano da bencina kewaye da murhu a tsakiya. Fang na kiranta abaa, da Faransanci kuma corps de garde. A nan maza ke zama, a nan ake shari'ar ƙauye, a nan ake karɓar baƙo. A da can daga nan ake tsaron gari. Madugu ya dube ta ya ce, "Kai, wannan ai zaure ne!" Haka ne kuwa. Muka ɗaura gidan sauro a ginshiƙai, tantin ko buɗe shi ba mu yi ba. Da dare aka kawo mana ayaba dafaffiya da curin rogo naɗe a ganye, mu kuma muka dafa shayi, aka sha tare har yara suka yi barci a jikin iyayensu.

Daren nan madugu ya tuna mana da yadda fatake ke tafiya Gwanja sayen goro. Ayari ba ya sauka inda ya ga dama. Akwai zango sananne, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai gaisuwar da ake kai wa sarkin gari, akwai mai masauki a Salaga. Ya ce kakanninmu sun ratsa ƙasashe da jakuna ba su da tanti irin namu, abin da suka riƙe shi ne sallama da sanin hakkin masu ƙasa.

MAKARANTA, KANTI DA MASALLACI

Kashegari muka haye gadar kogin Komo a Kango, muka tsallake layin Ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu. A kan wannan layi dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi, kuma ba ta jan lokaci, kafin ka idar da magariba duhu ya rufe. Daren na biyu a barandar wata makarantar firamare muka yi shi. Yuli lokacin dogon hutu ne, azuzuwa a rufe, amma ba mu shiga ba sai da muka nemi mai gari, shi kuma ya aika aka kira mai riƙe da makulli. Makaranta na da daɗin kwana: ga daɓen siminti, ga rufi, sau da yawa ga tankin ruwan sama.

A Bifoun, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Lambaréné ɗaya ta yi Ndjolé, mun sami wata hanyar. Duk wanda ya zauna a Gabon ya san kantin unguwa yawanci a hannun mutanen Mali ko Muritaniya ko Senegal yake, har mutane kan ce za su wurin "ɗan Mali" in za su sayo burodi. Irin waɗannan kantuna suna nan har cikin ƙananan garuruwa. Muka yi wa wani sallama, ya amsa da fara'a, ya ba mu ruwan alwala, ya nuna mana alƙibla, daga baya ya ce mu shigo da kekuna bayan kanti mu kwana kusa da buhunan shinkafa. Shi ne kuma ya ba mu labarin hanyar gaba ƙauye bayan ƙauye, inda akwai ruwa da inda babu. Matambayi ba ya ɓata.

Daga Bifoun zuwa Ndjolé hawa da gangara ne ba hutu, har birki ya yi zafi. Ndjolé na bakin kogin Ogooué, kuma a wani tsibiri a nan Faransawa suka tsare Samori Ture bayan sun kama shi a 1898, a nan ya rasu a 1900. Mun tsaya a bakin ruwa mun yi masa addu'a, mutumin da ya mallaki ƙasa mai faɗi ya ƙare baƙo a tsakiyar kogi. Bayan isha'i muka gabatar da kanmu ga liman, ya ba mu barandar masallaci. Shawararmu a nan ita ce a yi magana da liman ko ladan a gaban jama'a, kada a jira kowa ya watse sa'an nan a shimfiɗa tabarma, domin su ma baƙi ne a garin, hukuma na iya tambayarsu wa suka saukar.

DAREN DA MUKA YI KUSKURE

Kwana huɗu lafiya lau sai ya sa muka saki jiki. Rana ta biyar muka makara a Ndjolé wajen gyaran sarƙar keke, ba mu tashi ba sai da hantsi. Muka wuce Alembé, inda hanyar Lopé ta ratse. Da la'asar muka iso wani ƙauye mai tuta da rafi. Madugu ya ce a sauka. Mu biyu muka ce, "Haba Yaya, rana na nan da sauranta, mu ƙara ko kilomita 15." Ya yi shiru ya bi mu.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne, kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Gabon a birane suke zaune. Ƙauyuka da yawa sun zama kufai, wasu kuma tsofaffi kaɗai suka rage. Tsakanin Alembé da Lalara ƙauyukan ma nesa da juna suke. Muka wuce gidaje uku a kulle, ciyawa ta cinye ƙofofinsu. Duhu ya same mu a hanya. Can muka hango hasken fitila a wani gidan katako, muka buga ƙofa. Muryar wata tsohuwa ta amsa daga ciki. Na tsakiyanmu ya ce, "Mama, matafiya ne, kwana kawai muke nema." Ta ce mai gidan ba ya nan, mu yi gaba. Aka kashe fitilar. A lokacin mun ji zafi, amma daga baya muka ga gaskiyarta. Ƙarti uku da tocila cikin dare, a tsakiyar daji, wace tsohuwa ce za ta buɗe? Da rana kai baƙo ne, da dare kuwa ba wanda ya san ko kai wane ne.

Muka ci gaba da turawa har muka sami wani fili inda masu aikin hanya suka taɓa ɗibar jar ƙasa, da ɗan kududdufi a gefe. Muka yi murna, muka kafa tanti a karo na farko. Muka ci kifin gwangwani da gari, muka ajiye gwangwanin a bakin tanti saboda gajiya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ƙaraminmu ya zabura yana kakkaɓe jiki. Da muka haska tocila sai muka ga ƙasa na motsi. Kwarkwasa ce, rundunar da ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ta bi ƙamshin man kifi ta shigo ta inda zif bai rufe ba. Wanda kwarkwasa ta taɓa ciza ya san ba a tsayawa shawara. Muka fice da gudu ba takalmi, muka bar mata tanti da guzuri.

Muna tsaye a bakin kwalta muna cire ta daga jiki, sai muka ji ƙarar karyewar reshe daga bayan kududdufin, sa'an nan wani gurnani mai zurfi da mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa. Ba wanda ya ce uffan. Madugu ya kashe tocila, muka ja da baya a hankali, muka yi tafiyar ƙafa mai ɗan nisa a kan titi, muka zauna muna ta addu'a har gari ya waye. Da muka koma, ga kashin giwa sabo da sawu kamar faranti a bakin ruwan, bai fi taku talatin da tantinmu ba. Binciken da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta giwayen dajin Gabon sun kai 95,000, mun san da wannan tun a gida, amma gani ya kori ji. Wani direban motar katako da ya tsaya ya ba mu ruwa ya girgiza kai ya ce, "'Yan'uwa, duk inda kuka ga fili da ruwa ba gida a kusa, ku tambayi kanku wa ke sha a nan." Madugu bai ce mana komai ba, shirun nasa ya fi faɗa ciwo.

SAURAN HANYA

Daga ranar ba mu ƙara barin la'asar ta wuce ba mu san makwancinmu ba. Dare na shida mun roƙi jandarmomi a wani shingen bincike, suka rubuta sunayenmu, suka nuna mana gefen ofishinsu. Akwai tsaro, sai dai ƙarar motoci ba ta barin barci. Na bakwai, bayan Mitzic, malamin wani coci ya ba mu rumfar da suke taro, ya kuma sa yara suka share mana wurin salla. Na takwas muka koma abaa, inda muka kusa yin wani kuskuren. Mun hangi wata rumfa mai tsabta muka nufe ta da kekuna, wani yaro ya rugo ya tare mu. Ashe ɗakin ibadar masu bin Bwiti ne, ba a shiga sai da izini. Haka kuma a ƙauyuka da dama kaburbura na bayan gida ne. Shi ya sa baƙo ba ya zaɓar wa kansa wuri, inda aka nuna masa nan zai kwanta.

Dare na tara muka shiga Oyem. Muna tambayar unguwar Hausawa, wani dattijo ya ji harshenmu ya ce, "Malamai, daga ina?" Da muka ce daga Libreville a kan keke, ya riƙe baki, ya kama kariyar keken madugu bai saki ba sai a zaurensa. Aka kawo ruwan wanka mai zafi da tuwo. Kashegari muka ƙarasa Bitam.

GA MAI NIYYA

To jama'a, ga abin da muka tsinta. A fara neman masauki da la'asar, kada a wuce ƙarfe huɗu da rabi, ko da ƙarfi bai ƙare ba. Sannu-sannu kwana nesa. A nemi gida mai tuta, a sauka daga keke, a cire tabarau, a yi gaisuwa kafin a faɗi buƙata, a nuna takardu. A tambayi inda ake ɗiban ruwan sha da inda maza ke wanka, don rafi a rabe yake. In akwai abin da mutum ba ya ci ko ba ya sha, kamar naman daji da giya, ya faɗa tun kafin a ɗora tukunya, cikin ladabi, mu dai ba mu ga wanda ya ji haushi ba. A riƙe ɗan abin hasafi, sukari ko sabulu ko gishiri, a bai wa uwargida da safe, a ce "Akiba", wato an gode da harshen Fang. A share wuri kafin a tafi.

Tanti na da ranarsa. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ake kira fourou, masu cizo da safe da yamma, suna ratsa gidan sauro na gama-gari, ragar tanti mai ƙananan ido ce ke tare su, don haka ko a cikin zaure ana iya kafa shi. In kuwa dole ta sa an kwana a daji, a nisanci ruwa da itatuwa masu zubar da 'ya'ya da duk wata 'yar hanya da ta fito daga kurmi, a nisanci kwanar titi saboda manyan motoci, a rataye abinci nesa, kada a bar gwangwani kusa. Gandayen daji na ƙasa guda 13 da aka kafa a 2002 kuwa, irin su Lopé da Akanda da Pongara, ba a kwana cikinsu sai da izinin hukumarsu.

Cikin dare tara da muka yi a hanya, takwas a hannun mutane muka kwana, ba wanda ya nemi ko sisi. Ɗayan da muka dogara da tantinmu da dabararmu, shi ne ya kusa zama ajalinmu.

Akwai wata magana da ta tsaya mana a rai. Da safen da za mu bar ƙauyen farko, mai garin ya raka mu bakin titi, ya riƙe hannun madugu ya ce, "Ɗan'uwana, jikana na son zuwa Libreville neman aiki, bai san kowa ba. In ya buga ƙofarku, za ku buɗe?" Muka ce ƙwarai kuwa, muka rubuta masa kwatance. Amma da muka dawo muka dubi gidajen hayarmu, ɗaki da falo a bayan ƙofar ƙarfe, ba zaure ba rumfa, sai jikinmu ya yi sanyi. Mu ne masu cewa baƙonka annabinka, ga shi mutanen daji sun nuna mana a aikace. Muna kira ga shugabannin al'ummarmu da kwamitocin masallatanmu su dubi yiwuwar ware ko ɗaki guda na baƙi, wanda matafiyi zai sauka kwana biyu ko uku, ko namu ne ko ba namu ba. Mu ukun nan mun yi alkawarin tabarmi da gidan sauro.

Allah Ya saka wa duk wanda ya saukar da mu da alheri, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.